Ƙaurar da sunan shafi zuwa wani kamfanin rajista: saura kwana 11, a tashi yanzu ko a sabunta tukuna?

Malamin Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar masana. Wata makarantar sakandare mai zaman kanta a nan Tudun Wada tana da shafin intanet mai ƙarewa da .com. A kansa ɗalibai ke duba sakamako, imel ɗin ofis ma da sunan yake tafiya. Yaron da ya gina shafin shi ya yi rajistar sunan a cikin asusunsa, yanzu ya tafi hidimar ƙasa, ba kullum ake samunsa a waya ba. Hukumar makaranta na so a ɗauke sunan a mayar wani kamfani inda makulli zai kasance a hannunta. Yau 8 ga wata, rajistar za ta ƙare ranar 19. Ta ina ake farawa? Kuma shafin zai ɗauke ne yayin da ake aikin?

Ɗan PZ:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba wani abin wahala ba ne. Yaron ya shiga asusunsa ya cire kwaɗon hana ƙaura da ke kan sunan, ya karɓo lambar EPP, wato lambar sirrin da ke ba da izinin ƙaura, ya turo maka. Kai kuma ka buɗe asusu a sabon kamfani, ka rubuta sunan, ka zuba lambar, ka biya. Cikin kwana 5 an gama. Kuɗin da ka biya kuma shi ne kuɗin ƙarin shekara guda, don haka kada ma ku ɓata kuɗi wajen sabuntawa a tsohon wurin.

Injiniya Samaru:
Matakan da ƙanena na PZ ya jero daidai ne, amma lissafin kwanakin ne bai fita ba. Mu ƙirga tare. Ƙa'idar ICANN, hukumar da ke tsara harkar sunayen intanet a duniya, ta ba kamfanin rajista har kwana 5 kafin ya miƙa lambar idan babu maɓallin da mutum zai ciro ta da kansa. Ko yau aka nema, ana iya kaiwa ranar 13. Bayan an zuba lambar, idan tsohon kamfani ya yi shiru bai amince ba bai ƙi ba, uwar rajista, wato Verisign mai riƙe da .com da .net, sai ta jira kwana 5 sannan ta zartar da kanta. Mun kai 18 ke nan. Rana ɗaya ta rage, kuma ban sa kwanakin da za a yi ana neman yaron a waya ba, ban sa kwana 2 na gyaran DNS, wato littafin da ke haɗa suna da kwamfutar shafi, ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malam, a fara sabunta sunan a inda yake, yau ko gobe, sannan a yi ƙaura a tsanake.

Ɗan PZ:
Amma Injiniya, ai idan aka sabunta sannan aka yi ƙaura kafin kwana 45, shekarar da aka biya tana salwanta. Asara biyu ke nan.

Injiniya Samaru:
Nan ne mutane da yawa ke haɗa abu biyu. Sabuntawa iri biyu ce. Akwai wadda mai suna ya biya tun kafin ranar ƙarewa, kamfani ya aika wa uwar rajista umarni, ranar ƙarewa ta matsa gaba nan take. Wannan shekarar ta zauna, ko jibi aka yi ƙaura tana nan, ƙaurar kuma ta ɗora wata a kanta, matuƙar jimillar ba ta wuce shekara 10 ba. Ɗayar kuwa ita ce wadda uwar rajista ke yi da kanta ranar da suna ya ƙare: ta ƙara shekara, ta cire kuɗin daga asusun kamfanin, ta ba shi kwana 45 ya yi shawara. Idan sunan ya bar hannun kamfanin a cikin waɗannan kwanaki, sai a mayar masa da kuɗinsa a soke shekarar. To wanda ya biya bayan ranar ƙarewa, a kan wannan shekarar ta aro kuɗinsa ya faɗa, shi ne yake tashi a tutar babu. Saboda haka maganarka ma hujja ce ta a biya kafin 19, ba bayanta ba.

Malama Hanwa:
Kafin a ci gaba da gardama, Malam, a fara duba abin da ke rubuce. Ka shiga lookup.icann.org ka rubuta sunan. Ka karanto mana abu huɗu: sunan kamfanin rajista, matsayin sunan, sabobin suna wato waɗanda ke farawa da ns1 da ns2, sai layin DNSSEC, wato tsarin sa hannu da ke kare amsoshin DNS daga jabu. Ka kuma duba ranar da aka fara rajista da ranar gyara ta ƙarshe.

Malamin Tudun Wada:
Na duba, Malama. An fara rajista a 2019. Matsayi an rubuta clientTransferProhibited. DNSSEC an ce ba a sa hannu ba. Sabobin suna na kamfanin da yaron ke biya ne. Abin da ya ɗaure min kai, sunan kamfanin rajistar da ya fito wani ne daban na ƙasar waje, ba wanda ke kan rasit ɗin makaranta ba. Wajen sunan mai shi kuma an rufe, ba a ganin komai.

Baba Wusasa:
Babu abin tsoro a nan, ɗana. Wanda ke kan rasit ɗinku dillali ne. Ba shi da lasisin ICANN, yana saro sunaye ne daga wancan na waje yana sayarwa da naira, kamar mai shago a Sabon Gari da ke ɗauko kaya daga Kantin Kwari. Halas ne, kuma haka kamfanoni da yawa ke aiki. Amfanin sanin wannan shi ne, idan dillali ya ƙi ba da lamba ko ya daina amsa saƙo, alhakin yana wuyan wancan mai lasisin, wurinsa ake kai kuka. Idan shi ma ya yi kunnen uwar shegu, akwai sashen karɓar ƙorafi na ICANN, ana cike takarda a shafinsu ba a biyan ko kwabo.

Shi kuwa clientTransferProhibited, shi ne kwaɗon da ake magana. Duk wanda ya fara da client, kamfani ne ya sa, kamfani ke cirewa, galibi da maɓalli ɗaya a cikin asusu. Da server ya fara, da uwar rajista ce ta sa, wannan kuma sai an bi ta wata hanya. Idan aka cire kwaɗon za ka ga matsayi ya koma ok ko active. Rufe sunan mai shi da ka gani kuma ba yaron ne ya ɓoye muku wani abu ba. Tun watan Mayun 2018 da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki, yawancin kamfanoni suka daina nuna suna da lambar waya da imel a fili.

Malama Hanwa:
Abin da ya fi damuna a jerin nan shi ne sabobin suna. Ku bar batun lamba tukuna, a nan ake karya shafi.

Mutane na ɗauka suna da shafi abu ɗaya ne. Abu uku ne, kowanne da mai riƙonsa. Rajista ita ce takardar mallakar sunan. DNS shi ne littafin da ke cewa wanda ya nemi wannan suna a kai shi ga kwamfuta kaza, wasiƙa kuma a kai ta wuri kaza. Hostin shi ne kwamfutar da fayilolin shafin ke zaune a kai. Ƙaurar da muke magana takardar mallaka kawai take ɗauka. Ba ta taɓa hostin, ba ta kuma canja sabobin suna. Shi ya sa a ƙa'ida shafi ba ya ɗaukewa ko na minti ɗaya.

To ina matsalar? Idan littafin DNS ɗin yana zaune a sabobin tsohon kamfani a matsayin kyautar da ke biye da rajista, ranar da suna ya bar hannunsu suna iya share littafin. Wasu nan take, wasu bayan 'yan kwanaki. Sunan zai ci gaba da nuna ns1 da ns2 nasu, amma in an tambaye su sai su ce ba su san shi ba. Shafi ya mutu, imel ya mutu, alhali ƙaura ta yi nasara, kuɗi sun shiga, kowa na kallon kowa. Idan kuwa sabobin na sashen hostin ne, kuma makaranta za ta ci gaba da biyan hostin a can, to ba abin da zai faru. Malam, ka tambayi yaron wanne ne a ciki.

Ɗan PZ:
Ko da an share ai ba komai, sai a canja sabobin suna zuwa na sabon kamfani, a sa TTL, wato daƙiƙun da sabobi ke riƙe tsohuwar amsa kafin su sake tambaya, ya zama 300, minti biyar komai ya dawo.

Malama Hanwa:
A'a. TTL ɗin da kake iya ragewa na layukan da ke cikin littafinka ne, kamar layin A mai nuna adireshin kwamfutar hostin. Rage shi daga 86400 zuwa 300 yana da amfani idan hostin za ka canja, wato adireshin IP. Amma layin da ke cewa waɗannan su ne sabobin sunan wane, a littafin .com yake, a hannun Verisign, kuma TTL ɗinsa daƙiƙa 172800 ne, awa 48 cif. Ba ka da ikon taɓa shi. Mai amfani da MTN a Samaru zai iya ganin sabon littafi cikin awa guda, mai Airtel a Gyallesu ya ci gaba da zuwa tsohon har jibi, domin sabar da ke amsa masa ta riga ta ajiye tsohuwar amsa. Shi ya sa dole littattafan biyu su kasance a raye, suna ba da amsa iri ɗaya, na tsawon kwana 2 aƙalla.

Sannan akwai tarko na biyu. Da zarar matsayi ya koma pendingTransfer, ba a iya gyara komai a kan sunan, har da sabobin suna. Tsohon kamfani ba zai iya ba, sabon kuma bai karɓa ba tukuna. In ka tuna da DNS a wannan tsakanin, sai dai ka jira ko ka soke ƙaurar.

Injiniya Samaru:
Gaskiyar Malama. Ina ƙara abu ɗaya kan kwafe littafin, domin nan ake yin sakaci. Sabon mai riƙe DNS zai ce maka zai leƙa ya kwaso layukanka da kansa. Kada ka sakankance. Ba a iya tambayar DNS a ce jero min duk abin da ke cikinka, sai dai a yi ta cankar sanannun sunaye irin www da mail. Wanda ba a canka ba, an bar shi a baya. A shafin makaranta, abin da aka fi mantawa shi ne ƙaramin suna irin portal ko result, wanda sau da yawa ma yana nuna wata kwamfuta daban ta masu manhajar sakamako. Sai layin DKIM na sa hannu kan wasiƙun imel, wanda sunansa ke ƙarewa da _domainkey, kowane mai ba da imel da irin kalmar da yake sa masa a gaba, ba mai iya cankarsa.

Yaron ya fitar da fayil ɗin littafin gaba ɗaya in akwai maɓallin hakan. In babu, ya ɗauki hoton allo na kowane shafi. A bi layi-layi: A, AAAA in akwai, CNAME, MX mai nuna inda wasiƙa za ta sauka, tare da lambar fifikonsa, wato 10 ko 20 ɗin da ke gefe, sai TXT. A cikin TXT akwai SPF, mai jero sabobin da aka yarda su aika wasiƙa da sunan, yana farawa da v=spf1, da DMARC da ke ƙarƙashin _dmarc, da layukan tabbatarwa na Google ko Microsoft. Idan aka manta MX, wasiƙa ba ta shigowa, wannan da wuri ake ganewa. Idan SPF ko DKIM aka manta, wasiƙa na fita lafiya amma tana faɗawa jakar shara ta mai karɓa, sai a yi wata guda ana aika wa iyaye takardar kuɗin makaranta ba wanda ya gani.

Kafin a juya sabobin, a gwada sabon littafin kai tsaye. A kwamfuta mai Windows, a buɗe baƙin allon umarni a rubuta nslookup -type=MX example.com, a bar tazara, a biyo da sunan sabuwar sabar. A wurin example.com a sa sunan makaranta. A sake yi da tsohuwar sabar. Amsa ta zo iri ɗaya, sannan a juya.

Baba Wusasa:
A kuma tambaya ko akwai imel ɗin da ba akwati ne na gaske ba, turawa kawai ake yi. Misali a rubuta wa info sai ta faɗa Gmail ɗin shugaban makaranta. Irin wannan hidima ta kamfanin rajista ce, ko an kwafe MX ɗin ba za ta biyo ku ba. Sai an sake kafa ta a sabon wuri.

Batun DNSSEC kun huta tunda ba a kunna ba. Ga masu karatu da nasu ke kunne: a cire layin DS, mai ɗauke da shaidar makullin DNSSEC, a tsohon kamfani, a jira awa 24, sannan a taɓa sabobin suna. In ba haka ba, sabobi masu tantancewa irin 8.8.8.8 da 1.1.1.1 za su ga sa hannu bai dace ba su ƙi amsawa gaba ɗaya, a ga SERVFAIL, wasu na buɗe shafin wasu ba sa iyawa.

Malamin Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Na samu yaron bayan La'asar. Ya ce hostin a wani wuri yake, DNS ɗin kuma na kyauta ne na dillalin, wato abin da Malama ta ji tsoro. An tura masa kuɗi ya sabunta, na sake dubawa, ranar ƙarewa ta matsa zuwa baɗi. Amma ya ce ba zai iya ba mu asusun ba saboda akwai sunayen wasu mutane a ciki. Ya kuma ce sunansa da imel ɗinsa ne a wajen mai shi. Ya yi tayin ya canja su zuwa na makaranta a daren nan.

Injiniya Samaru:
Kira shi yanzu, Malam, ka ce kada ya taɓa!

Injiniya Samaru:
Dalili: tun Disambar 2016 akwai ƙa'idar canjin mai suna. Idan aka sauya sunan mai shi, ko sunan ƙungiya, ko imel ɗinsa, kamfani na ɗora kwaɗo na kwana 60, ba a fita da sunan zuwa wani kamfani sai sun cika. Wasu kamfanoni na ba da damar a ce ba a son kwaɗon, amma kafin a yi canjin ake zaɓa, ba bayansa ba, kuma ba kowa ke ba da damar ba. Niyyar yaron mai kyau ce, amma zai zaunar da ku wata biyu.

Ɗan PZ:
To in ba a canja ba, ai sunansa zai biyo sunan shafin zuwa sabon kamfani. An gudu ba a tsira ba.

Injiniya Samaru:
A da haka ne. Tunda aka rufe bayanan a 2018, sabon kamfani ba ya iya kwaso su daga tsohon, sai mai buɗe asusu ya cike da hannunsa. Abin da Malam ya rubuta a can shi zai zama bayanin mai suna. Ƙaurar ita kanta ce za ta gyara mallakar. A rubuta cikakken sunan makaranta a gurbin ƙungiya kamar yadda yake a takardar rajistarta, ba sunan wani malami ba, ko da shugaban ne.

Malama Hanwa:
Wani abu kuma da ya kamata hukumar makaranta ta sani: a yau, a idon kamfani da ICANN, yaron ne mai sunan. Rasit ɗin da makaranta ta biya shi ba zai sa kamfani ya miƙa muku lamba ba. Don haka a bi shi da lalama, in akwai ragowar haƙƙinsa a biya shi. Tunda yana ba da haɗin kai, a gama aikin yanzu.

Ɗan Kwangila:
Ku gafarce ni in sako tawa. Duk wannan bayani ya shafi .com.ng ma? Kuma wane kamfani ya fi, na gida ko na waje?

Baba Wusasa:
Na .ng gidansu daban. NiRA ce ke riƙe da shi, ƙungiyar da aka kafa a 2005, kuma ƙa'idar ƙaura ta ICANN ba ta hau kan sunayen ƙasashe ba. Ana amfani da lambar EPP a can ma, amma kwanaki da kuɗi da sharuɗɗa na NiRA ne, kuma sai kamfanin da ta amince da shi ko dillalinsa ke iya karɓar sunan. Kamfanonin waje da yawa ba sa ɗaukar .ng ko kaɗan, a duba kafin a cire kwaɗo. Masu .edu.ng irin abu.edu.ng sai da takardun shaida, .sch.ng na makarantun firamare da sakandare ne, .gov.ng kuma ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ake bi. Kowace ƙasa da nata salon. Na Birtaniya ma, .uk, ba sa amfani da lamba, wata alama ce ta kamfani tsohon ke canjawa zuwa ta sabon. Abin da Malama ta faɗa kan DNS kuwa bai san .com ko .ng ba, duk ɗaya ne.

Ɗan PZ:
Ni dai na waje nake ba da shawara. Cloudflare ba sa ɗora riba a kan farashin suna.

Malama Hanwa:
Haka ne, amma da sharaɗi: dole sabobin sunansu za ka yi amfani da su, ba ka da zaɓin wasu muddin rajistar na wurinsu. Ga wanda dama can zai kai DNS ɗinsa, ya dace. Sai dai ni ba farashi nake fara dubawa ga makaranta ba, hanyar biya nake dubawa. Suna ba ya mutuwa don tsada, yana mutuwa ne don katin da aka ajiye ya ƙare, ko banki ya ƙi biyan dala a ranar, ko katin na wani ne da ya bar aiki. Akawun makaranta ya saba da tura naira da karɓar rasit. Kamfanin da zai karɓi naira ya ba shi rasit ya fi masa sauƙi, ko da ɗan ƙari.

Injiniya Samaru:
Kowanne aka zaɓa, a karanta farashin sabuntawa, ba na ƙaura ba. A Satumbar 2024 Verisign ta kai abin da take karɓa daga kamfani kan kowane .com zuwa dala 10.26 a shekara, ban da ɗan kason ICANN. Duk wanda ya sayar maka ƙasa da haka, asara ya ɗauka don ya jawo ka, a shekara ta biyu zai fanshe. Na gida ma da dala yake saro .com, don haka farashinsa na naira yana bin canji. Sai a duba ko lambar EPP da kwaɗo suna cikin asusu mutum ya sarrafa da kansa, ko sai an rubuta musu an jira. Yadda kamfani ke barin mutum ya fita shi ke nuna halinsa. Girman suna kuma ba tabbas ba ne: a 2023 Google ya sayar da sashen rajistarsa ga Squarespace, masu sunaye suka wayi gari a sabon gida ba tare da sun nema ba.

Malamin Tudun Wada:
Barkanmu da warhaka. An kwafe layuka 14, an kai su sabon DNS, mun gwada da nslookup, an juya sabobin tun shekaranjiya. Portal na buɗewa, imel na shiga da fita. Yaron ya cire kwaɗo ya turo lamba. Na zuba sau uku ana cewa ba daidai ba ce. Ga hoton saƙon nasa ku gani.

Mai Kula da Zaure:
Na goge hoton. Allah ya gafarta Malam, lambar ce ɓaro-ɓaro a ciki, kuma mu fiye da ɗari ne a nan.

Baba Wusasa:
An kyauta da aka goge. Ɗana, ka ɗauki wannan lamba a matsayin ta ƙone. Suna a buɗe yake, kuma yanzu sabon kamfani ba ya jiran amincewa ta imel kafin ya aika buƙata. Duk mai riƙe da lambar zai iya ja sunan zuwa asusunsa. Yaron ya mayar da kwaɗo, ya sa a sake sabuwar lamba, sannan ya buɗe lokacin da kake zaune gaban kwamfuta.

Kan ƙin karɓa kuwa, na hango dalili kafin a goge. Akwai alamar tauraro biyu a cikin lambar, WhatsApp kuma yana haɗiye taurari ya mayar da abin da ke tsakaninsu baƙin rubutu mai kauri. Lambar da ta iso maka ta rasa haruffa biyu. Ya turo ta imel. Ka kwafa, kada ka buga da hannu, domin babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinta, ga O da 0, ga l da 1. Ka lura kada tazara ta biyo ƙarshenta. In duk an yi haka ta ƙi, a duba ko kwaɗon ya fita da gaske a lookup, ba a allon dillali kawai ba, domin wani lokaci allon na nuna a buɗe alhali umarnin bai isa uwar rajista ba.

Malama Hanwa:
Ka kuma gaya wa yaron tun yanzu cewa saƙo zai zo imel ɗinsa daga tsohon kamfani, ana sanar da shi an nemi ƙaura. A ciki akwai mahaɗin sokewa. Mutane na ganin mahaɗi su danna da zaton amincewa ce. Ya karanta da kyau. In akwai na amincewa da gaggawa ya danna, sunan zai wuce cikin ɗan lokaci. In babu, ya bar shi haka, kwana 5 na cika zai tafi da kansa.

Ɗan Kwangila:
Idan kamfani ya ƙi sakin suna fa? Yana da wannan ikon?

Injiniya Samaru:
A kan .com dalilan a ƙirge suke. Alamar zamba, ko jayayya kan wane ne mai sunan, ko bashin shekarar da ta wuce, ko mai sunan ya rubuto da kansa ya ce bai yarda ba, ko suna bai kai kwana 60 da rajista ko da ƙaurar baya ba. Sai umarnin kotu ko shari'ar UDRP, wato ta jayayya kan alamar kasuwanci, da ke gudana, a nan ma dole ne ya ƙi. Bashin hostin ba ya ciki. Kuma dole ya faɗi dalilinsa. Ƙarewar rajista kaɗai ma ba hujjar hanawa ba ce, sai dai in suna ya riga ya faɗa redemptionPeriod. Wannan kwana 30 ne, ba a ƙaura a cikinsa, sai an fanshe shi a tsohon kamfani da kuɗi mai nauyi. Bayansa pendingDelete na kwana 5, daga nan ya koma kasuwa kowa ya saya.

Malamin Tudun Wada:
Alhamdulillahi, sabuwar lamba ta shiga ta imel. Yau da safe sunan ya bayyana a asusun makaranta. Ranar ƙarewa ta ƙara matsawa da shekara guda a kan waccan, ba a yi asarar komai ba. Akwai sauran abin yi?

Malama Hanwa:
Masha Allah. Duba akwatin imel ɗin da ka yi rajista da shi, har jakar shara. Sabon kamfani zai turo saƙon tabbatar da adireshin. In ba a danna ba cikin kwana 15 ana dakatar da sunan, matsayi ya koma clientHold, shafi da imel su ɗauke tare. Wane imel ka sa?

Malamin Tudun Wada:
Na ofis, wanda ke kan sunan makarantar.

Malama Hanwa:
Kash. Ranar da sunan ya samu matsala, saƙon gargaɗi da na sake kalmar sirri duk za su tafi akwatin da shi ma ya mutu. An kulle mota makulli na ciki. Ka tabbatar da wannan ɗin yanzu don kada kwana 15 su cika, sannan a buɗe wa makaranta Gmail na musamman a mayar da rajistar kansa. Canjin zai jawo kwaɗon kwana 60, amma dama kuna cikin na bayan ƙaura, ba inda za ku. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu da layin wayar makaranta, ba na wani ma'aikaci ba, a buga lambobin ceto a takarda a sa a durowar shugaba.

Baba Wusasa:
Ka sake leƙa lookup ka ga ko clientTransferProhibited ya dawo, wasu kamfanoni ba sa mayar da shi sai ka kunna da kanka. Ka kuma duba sabobin suna ko suna nan yadda kuka bar su, domin akwai masu akwatin da ke cewa a yi amfani da nasu, in ba a cire alamar ba sai su juya. Yaron kuma ya kashe sabuntawa ta atomatik a wurin dillali, kada baɗi a cire masa kuɗin sunan da ba ya hannunsa.

Ɗan PZ:
Takardar SSL fa, wadda ke sa shafi ya buɗe da https, ba sai an sake ta ba?

Injiniya Samaru:
A'a, tana kan hostin, ba ruwanta da kamfanin rajista. Sai dai in ta Let's Encrypt ce mai kwana 90 kuma ta hanyar DNS take sabunta kanta, to makullin da take amfani da shi na tsohon DNS ne, ya daina aiki. Malam, danna alamar da ke gefen adireshi a burauza ka ga ranar ƙarewarta, ka tambayi masu hostin ta wace hanya suke sabuntawa.

Malamin Tudun Wada:
Na danna, saura kwana 41. Zan rubuta musu bayan Isha'i, in sun amsa in kawo muku abin da suka ce.